Ɗan aiken da bai san gidan makoki ba

Yawancin marubutan da na sani suna da ɗan aike wanda ba ya barci. Da zarar sun wallafa rubutu, wata manhaja kamar Buffer, Hootsuite ko IFTTT takan ɗauki kanun da adireshinsa ta watsa a Facebook da X da LinkedIn. Wasu kuma sukan tsara saƙonnin mako guda a zama ɗaya, kowanne da ranarsa da sa'arsa. Ni ma ina cin moriyar wannan, domin aikin jarida ba ya barin mutum ya wuni yana kwafar adireshi daga wannan dandali zuwa wancan.

Sai dai mai karatu ba ya ganin manhaja. Sunanka da hotonka yake gani, don haka a wurinsa kai ne ka buɗe baki a daidai wannan lokaci.

A watan Janairun 2013, ana tsakiyar badaƙalar naman doki da aka gano cikin kayan naman shanu a kantunan Birtaniya, shafin Twitter na kamfanin Tesco ya yi wa mabiyansa sai da safe da wani salon maganar Turanci mai ambaton ciyawar dabbobi. Jama'a suka ɗauka ba'a ake musu. Kamfanin ya nemi afuwa, ya ce an tsara saƙon tun kafin a san halin da ake ciki. Kowane mai shela a garinmu ya san ba a sanar da biki a ƙofar gidan makoki. Manhaja kuwa agogo kawai ta sani.

Haka kuma, ta ƙofar masu dandalin wannan ɗan aike yake shiga, kuma makullin yana hannunsu. A 2018, bayan badaƙalar Cambridge Analytica, Facebook ya hana manhajojin waje wallafa saƙo kai tsaye a shafin mutum na kansa. A 2023 Twitter ya sanya wa ƙofarsa kuɗi, har manhajar Jetpack ta daina tura masa rubuce-rubuce. Marubucin da ya bar wa na'ura hulɗarsa da masu karatu zai iya wayar gari muryarsa ta ɗauke, shi bai sani ba.

Saboda haka na raba aikin gida biyu. Na bar wa manhaja abin da lokaci ba ya sauya masa ma'ana: sanarwar cewa sabon rubutu ya fito, ga inda yake. Ra'ayi da raha da ta'aziyya da amsa ga mai karatu kuwa da hannuna nake rubuta su. Idan babban labari ya ɓarke, kafin in buɗe littafin rahoto sai na dakatar da duk saƙon da ke kan layi.

Ɗan jarida kan shafe shekaru kafin a yarda da sunansa. Duk abin da ya fita da sunan nan, shi za a tambaya, ko da yana barci lokacin da aka aika.