Rabon 'Yan Tsaki

A ƙasarmu ta Daura, tun daga birni har Zango da Sandamu, da wuya ka shiga gidan da babu kaji. Kaza ta kan yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, amma kafin wata biyu sai ka tarar rabin 'ya'yan babu. Shirwa mu kan ɗora wa laifi. Lalle tana da nata, amma mu dai mun lura yunwa ta fi ta ɓarna.

In an watsa hatsi a tsakar gida, zakara da manyan kaji su ke rufe shi, su tattake ƙanana. Ƙwayar dawa kuwa ta fi ƙarfin bakin ɗan kwana uku. Watau ga shi cikin abinci, ga shi yana kwana da yunwa.

Saboda haka a gidanmu mu kan kafa ɗan shingen kara, mu bar kafofi waɗanda ɗan tsako kaɗai ke iya kurɗawa. A ciki mu ke zuba tsakin gero da dusa, da ruwa a kasko, mu sa tsakuwa don kada su nutse. Da maraice kuma mu kife tsohuwar tukunya mai jiƙaƙƙen kashin shanu da karmami a bakin surin gara, da safe mu zazzage musu. Gara ita ce namansu, gama hatsi kaɗai ba ya fid da gashi da wuri.

Uwar za ta dinga zagaya shingen tana kuka. Ku 'yan makaranta, kada tausayinta ya sa ku buɗe. Ku zuba mata nata a waje.