Boise Ta Hau, Idaho Ta Sauko

Na yi karatu a wani ƙaramin gari mai suna Mosko a jihar Idaho ta Amurka, ba Moskon Rasha ba. A can na fara kallon ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumewa a ƙirji ana gudu, cikin rufaffen filin Kibbie Dome mai cin mutum kimanin 16,000. Shi ya sa da na ji Jami'ar Boise State ta amince ta koma rukunin Pac-12 daga 2026, sai tsohon miki ya motsa.

A Amurka jami'o'i kan haɗu rukuni-rukuni, su sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsu, su raba kuɗin. Rukunin da kake ciki shi ne arzikinka. A 1996 Jami'ar Idaho da Boise State suka haura babban matakin gasa tare, kowace da dogon buri. Boise tana babban birnin jihar, ga jama'a ga attajirai. A Janairun 2007 ta doke Oklahoma da ci 43 da 42, duniya ta san da ita.

Mu kuwa muka zama agola. Rukuninmu na WAC ya daina ƙwallon bayan kakar 2012, muka shekara ba rukuni, sannan muka raɓa da Sun Belt, wanda yawancin jami'o'insa ke can kudancin ƙasar. Ɗalibi ya bar aji ya ratsa Amurka a jirgi don wasa ɗaya! Don cike giɓin kuɗi, manyan jami'o'i kan biya mu, mu je gidansu mu sha kashi. A 2013 Florida State ta yi mana 80 da 14. Ba na jin akwai cek ɗin da ya isa ya wanke wa yaran nan wannan rana.

A 2016 Sun Belt ta sanar za ta sallame mu, a 2018 Idaho ta sauko ƙaramin mataki, ta koma Big Sky. Na ji haushi ƙwarai a lokacin, ina ganin faɗuwar girma ce. Yanzu na sauya ra'ayi, domin ta koma karawa da maƙwabta irin su Montana, waɗanda magoya baya ke iya zuwa kallo a mota.

Ban ga laifin Boise ba. Da guminta ta kai inda take. Sai dai gidan da ta zaɓa kufai ne ake gyarawa: jami'o'i 10 cikin 12 sun fice daga Pac-12 a 2024 saboda kuɗin talabijin, suka bar Oregon State da Washington State, wadda ke kilomita 13 kacal daga Mosko. Wasan ƙarshe tsakanin Idaho da Boise kuwa tun 2010 aka yi shi.