Na Taka Ƙasa Uku A Wuni Ɗaya

Da hantsi na shiga tiram mai lamba 8 a tsakiyar birnin Basel na ƙasar Suwizalan, watau ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki wanda ke ratsa titunan gari. Ba mu daɗe da tashi ba sai na ga mutane suna ta sauka riƙe da jakunkunan cefane. Ashe har mun shiga Jamus, mun iso garin Weil am Rhein, ba kuwa wanda ya tambaye ni fasfo. Daga nan na taka da ƙafa, na haye wata gada a kan Kogin Rayin, sai ga ni a Huningue cikin Faransa. Kafin la'asar na komo masaukina.

Mai karatu zai so ya san yadda haka ta yiwu. Ita dai Suwizalan ba ta da bakin teku ko taƙi ɗaya. Ƙasashe biyar suka kewaye ta: Jamus daga arewa, Faransa daga yamma, Italiya daga kudu, sa'an nan Ostiriya da 'yar ƙaramar ƙasar Liktenstain daga gabas. Harsunan hukuma huɗu gare ta, uku daga ciki kuwa na maƙwabta ne, watau Jamusanci da Faransanci da Italiyanci. Duk abin da za ta saya ko ta sayar ta ƙasa ko ta ruwa, sai ya ratsa gidan wani.

A Basel ake ganin wannan ƙuru-ƙuru. Nan ne tashar jiragen ruwanta, inda jiragen kaya ke hawowa ta Kogin Rayin tun daga Rotadam ta ƙasar Holan. Filin jirgin saman birnin a ƙasar Faransa yake, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla cikin 1949, kuma fasinja na da ƙofar fita biyu, ɗaya ta Faransa, ɗaya ta Suwizalan. Har ila yau akwai tashar jirgin ƙasa a cikin birnin wadda hukumar jiragen ƙasa ta Jamus ke gudanarwa, tushenta wata yarjejeniya ce ta 1852.

Kowace safiya mutum fiye da 300,000 ke ƙetarowa daga ƙasashen maƙwabta su yi aiki a Suwizalan, su koma gida da yamma, don albashi ya fi tsoka a nan. Su kuma mutanen Basel sukan haye Jamus cefane, don kaya sun fi araha a can. Waɗanda na gani da jakunkuna ke nan.

To, amma kada a ɗauka iyakar ta gushe. Tun 1815 manyan ƙasashen Turai suka amince Suwizalan 'yar ba-ruwanmu ce, kuma mutanenta na kishin wannan matsayi ƙwarai. Ba ta cikin Tarayyar Turai. Cikin 1992 jama'a suka jefa ƙuri'a suka ƙi shiga kasuwar bai-ɗaya ta Turai, Majalisar Ɗinkin Duniya ma sai 2002 ta shiga. A watan Disamba 2008 ta bi tsarin Shengen, wanda ya kawar da binciken fasfo na yau da kullum, shi ya sa baƙo irina mai biza guda ke yawo haka. Amma 'yan kwastan na nan, suna da ikon tsai da kai su duba kayanka. Cikin 2014 kuma aka yi ƙuri'ar rage kwararar baƙi, masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, abin da ya jawo tsamin dangantaka da Tarayyar Turai na 'yan shekaru.

Ranar da aka gane nauyin iyakar ita ce cikin watan Maris 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe ta. Garin Konstanz na Jamus da Kreuzlingen na Suwizalan a manne suke kamar unguwa biyu, sai aka gitta shingen waya a tsakaninsu. Masoya da dangi suka riƙa zuwa suna gaisawa ta kafar waya. Duk da haka ba a hana ma'aikata masu ƙetarowa wucewa ba, domin asibitocin Janiba da na Basel ba za su iya aiki ba in babu su. Sai ran 15 ga watan Yuni aka buɗe iyakar gaba ɗaya.

Da magariba na tsaya a bakin kogin, wurin da aka kafa alamar mahaɗar ƙasashen uku. Wani jirgin kaya ya tashi daga tasha ya nufi arewa, Faransa na hagunsa, Jamus na damansa, yana neman teku. Na tuna da maganar mutanenmu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suwizalan ta riƙe makullin gidanta gam, amma ta san abincinta ta ƙofar maƙwabci yake shigowa.