A Boulder, Inda Mutum Ke Dafa Giyarsa da Hannunsa

Daga tashar Union da ke Denver na shiga bas zuwa Boulder, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Sai an hau wani tudu sannan garin yake bayyana a ƙasa, manyan duwatsu sun tokare shi ta yamma. Wani aiki ne daban ya kai ni jihar Colorado ta Amurka, amma abokin aikina ya nace in leƙa ɗaya daga cikin shagunan masu dafa giya a gida, domin a wannan gari ne Charlie Papazian ya kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1978.

Ni ba na shan giya, addinina ya hana, kuma tun a bakin ƙofa na gaya wa mai shagon haka. Ya ce in shigo, ai ba ya sayar da giya ko kwalba ɗaya. Haka kuwa na tarar. Buhunan tsiron sha'ir ne jere a jikin bango, wani fari, wani ja, wani an gasa shi har ya yi baƙi ƙirin. Ga firji cike da yis da wani fure mai ɗaci da suke kira hofs, wanda akasarinsa daga kwarin Yakima na jihar Washington ake kawo shi. Ga tukwanen ƙarfe, da bokitai masu murfi, da kwalabe babu komai a ciki.

Doka ce ta sa abin ya kasance haka. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, kuma ko da aka ɗage haramcin, ba a halatta wa mutum ya dafa giyar hatsi a gidansa ba, sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a 1978. Ta ba baligi damar dafa galan 100 a shekara, wato kusan lita 380, gida mai baligai biyu ko fiye kuwa galan 200, da sharaɗin ba za a sayar ba. Jihohin Mississippi da Alabama ba su amince ba sai 2013.

A ɗakin baya na fi daɗewa. Wani magidanci da matarsa sun zo dafa tasu a tukunyar shagon, lita 19, abin da zai ba su kwalba wajen 50. Suka ɓarza tsiron a ƙaramin inji, suka jiƙa shi a ruwan zafi, matar tana riƙe da ma'aunin zafi ba ta ɗauke ido ba. Digiri 66 take nema, kuma a nan za a tsayar da shi awa guda. Mai shagon ya yi mini bayani cewa idan ƙwaya ta tsiro, akwai sinadarin da take fitarwa mai narkar da sitaci ya koma sukari. Zafi ya yi yawa sinadarin ya mutu, ya yi kaɗan aikin ya ƙi tafiya. Da suka tace, ruwan ya fito ja mai danƙo, ƙamshinsa ya cika ɗakin.

Wannan ƙamshin na san shi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake dama kunun zaƙi ya san abin da tsiro ke yi idan an zuba shi a gasara mai zafi: kaurin ya saki, zaƙi ya fito ba tare da sukari ba. Aiki ɗaya ne, ƙwayar ce ta bambanta. Har zuwa wannan mataki babu abin maye a tukunyar. Sai an tafasa ruwan awa guda da furen nan mai ɗaci, an sanyaya shi zuwa wajen digiri 20, an zuba yis an rufe mako ɗaya ko biyu, sannan sukarin yake juyewa ya zama barasa. Matan da ke dafa burkutu da dawa a Filato da kudancin Kaduna ma kusan wannan hanya suke bi, ban da furen nan mai ɗaci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littafin da mijin ke rubutu a ciki. Nauyin hatsi, zafin ruwa, mintin da aka zuba kaza, duk yana rubuce. Har ya lura cewa a Boulder, saboda garin ya haura mita 1,600 daga teku, ruwa yana tafasa tun wajen digiri 95. Ga tsabta kuma: duk cokalin da zai taɓa ruwan bayan ya huce sai an tsoma shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ƙwaya kaɗan ta isa ta tsamar da aikin wata guda.

A kan kanta na ga gwangwanin ruwan zaƙin dawa, ana sayar wa waɗanda cikinsu ba ya ɗaukar sha'ir da alkama. Dawarmu ce. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Najeriya suka koma ga dawar Arewa, har a lemon malta da babu barasa a cikinsa, wanda muke sha a bukukuwa.

Na dawo Denver da yamma ina tunanin masu kununmu, waɗanda hajarsu ke tsami kafin kwana biyu, su zubar da jarinsu. Sun fi waɗannan ma'aurata sanin hatsi nesa ba kusa ba. Ma'aunin zafi ne da kwalba mai tsabta da ƙa'ida a rubuce ba su da su. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana aiki a kan dawa. Ina roƙon masananta da na jami'o'inmu su zauna da masu kunun nan, su auna abin da hannunsu ya riga ya iya, su rubuta musu shi da Hausa.