Rai a Kyauta

Wanda ya ƙera Pac-Man a kamfanin Namco na Japan a 1980 ba don ka zauna a ɗakinka ka huta ya ƙera shi ba. Akwati ne dogo mai tsayin mutum, da allo da ɗan rami na jefa kuɗi. Ka jefa sulai, a ba ka rai uku. Sun ƙare, ko ka sake laluben aljihu ko ka matsa wa na bayanka. Wahalar waɗannan wasanni da gangan aka yi ta, domin mai akwatin ba ya cin riba sai ka mutu.

Yanzu da yawansu sun dawo. A zamanin Xbox 360 ma ana sauke su ta intanet, Pac-Man da Street Fighter II suka shiga shagonta a 2006. Daga 2014 kuma kamfanin Hamster ya shiga fitar da su ɗaya bayan ɗaya da sunan Arcade Archives, da farko a PlayStation 4, daga baya a Switch. Hoto da kiɗa da motsi, komai yadda yake. Abu ɗaya aka cire, ramin kuɗin nan. An maye gurbinsa da maɓalli, ka danna sau ɗari a ba ka rai ɗari.

Na sauke Metal Slug, wasan yaƙin nan na 1996. A ɗakin gem na unguwarmu, lokacin muna yara, ban taɓa wuce mataki na uku ba, don 'yan dalolin da nake ragewa daga kuɗin makaranta ba sa kai ni can. Wannan karon na gama shi kaf kafin shayi ya yi sanyi. Na mutu ya fi a ƙirga, ko gezau ban yi ba. Da na ga ƙarshen sai na ji kamar na ci tuwo ba miya.

A nan na gane cewa rabin daɗin wasan tsoro ne. Hannu yana gumi ne saboda ran da ya rage na ƙarshe ne, kuma yara biyar na tsaye a bayanka, wani na yi maka ihu, wani na addu'ar ka faɗi ya samu wuri. Abin da aka samu a banza, a banza yake tafiya.

Ba na cewa a daina dawo da su. Akwatunan asali suna lalacewa, allunansu suna mutuwa, in ba don wannan saukewar ba yaran yau ba za su taɓa ganinsu ba. Su ma masu fitarwar sun san da gurbin, shi ya sa Arcade Archives ke da sashen da ake ba ka dama ɗaya tak, a jera makinka da na 'yan wasan duniya.

Ni dai na kafa wa kaina doka. Akwai gwangwani kusa da talabijin, duk ci gaba bayan mutuwa sai na jefa dala ashirin, kuɗin kuma na ƙannena ne. Har yau ina mataki na huɗu, su kuwa kullum fatan faɗuwata suke yi.