Shekarar Kulle: Waƙoƙi Uku da Fim Ɗaya

Ba al'adarmu ba ce, mu manazarta Hausa, mu fito fili mu ce ga waƙar da muke so. An horar da mu a kan mu ɗora waƙa bisa gadon fiɗa, mu fitar da jigo idan rubutacciya ce, ko turke idan ta baka ce, mu bi zubi da tsari da salo, sa'an nan mu wanke hannu mu tashi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma hanyoyin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa sun raya fagen nan. Sai dai akwai abin da gadon fiɗa ba ya riƙewa, wato dalilin da ya sa mutum ya maimaita waƙa ɗaya sau goma a dare guda. Shi ma wannan dalili hujja ce ta nazari, kuma idan ba a rubuta shi ba, yakan bi shekararsa ya wuce. Don haka na ga ya dace in bayyana zaɓina na shekarar 2020, waƙoƙi uku da fim ɗaya, tare da abin da ya sa na zaɓe su.

Shekarar ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya rayu a cikinta. A watan Maris ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. A tsakiyar Afrilu aka rufe Kano saboda annobar korona, aka yi azumi a gida, ba a sake gari baki ɗaya ba sai farkon Yuli. Sunan da jama'a suka ba wa wannan hali shi ne abin da ya fi jan hankalina: dokar kulle. Kalmar kulle tsohuwa ce a bakin Bahaushe, amma ta mata ce. Ita ce sunan zaman da matar aure take yi a cikin gida, ba ta fita sai da izini. A 2020 sai ga maza, malamai da 'yan kasuwa da direbobi, sun ɗanɗana zaman da iyayensu mata suka yi shekara da shekaru. Da na jera abubuwan da na fi saurare da kallo a shekarar, sai na tarar kowannensu yana magana ne a kan abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa.

Jaruma

Zaɓina na farko ba zai ba kowa mamaki ba, ita ce "Jaruma" ta Hamisu Breaker. Idan aka auna ta da ma'aunin da muka saba, ba za ta yi nauyi sosai ba. Turkenta soyayya ne, kiɗanta na fiyano ne irin na situdiyo, ba ta da zurfin habaici ko tsofaffin kalmomi da za su sa ɗalibi ya nemi ƙamus. Ƙarfinta yana cikin rauji. Mawaƙin yana jan murya a hankali kamar mai lallashi, kiɗan kuma bai yi saurin da zai hana mace mai zani da ɗankwali taka shi a tsakar ɗakinta ba.

Abin da mata suka yi ke nan. A tsakiyar kullen sai faifan bidiyo suka cika shafukan sada zumunta, matan aure suna rawar waƙar a gaban mazajensu, miji na zaune yana murmushi ko yana liƙi. Nan take gardama ta tashi. Wasu suka ce an keta kunya, an fito da sirrin ɗaki kasuwa. Wasu suka ce halal ce ake yi, kuma gara a ga miji da mata cikin nishaɗi da a riƙa jin labarin saki. Ni dai abin da na gani shi ne, rawar ba baƙuwa ba ce. Matan Hausawa sun daɗe suna kiɗan ƙwarya da amada a cikin gidaje, a bikin aure da na suna, kuma Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana faɗa wa mata abin da maza ba sa so su ji. Sabon abu guda biyu ne: an bar miji ya zauna a wurin, kuma wayar hannu ta huda katanga. Wannan sauyi ne babba a tarihin dandalin waƙar Hausa, kuma waƙar da ta buɗe ƙofarsa ta cancanci a ambace ta ko da baitocinta ba su kai na magabata ba.

Sunan waƙar ma abin lura ne. A bakin makaɗan fada, jarumi shi ne barden da ba ya ba da baya a fagen daga. Masana'antar fim ta ɗauki kalmar ta ba wa tauraron shiri, har aka samu jaruma ta mace. Yanzu ga mawaƙi ya sake ɗaukarta ya miƙa wa masoyiya. Tafiyar kalma ɗaya daga fagen yaƙi zuwa gaban kyamara, daga nan zuwa ɗakin aure, ta isa maƙala guda.

Muryar fada a akwatin talabijin

Na biyu su ne waƙoƙin da Naziru Sarkin Waƙa ya yi wa shirin "Labarina" na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a tashar Arewa24 a shekarar. Naziru ya yi suna ne da waƙar sarauta, kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ne ya naɗa shi Sarkin Waƙa. A ranar 9 ga Maris, 2020 aka sauke Sarkin. A tsohon tsari, makaɗin fada da ubangidansa kamar jini da tsoka ne. Ba a raba Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa, kuma idan inuwar ubangida ta gushe, makaɗi yakan shiga wani hali. A nan kuwa sai muka ji muryar nan mai kauri, da saukarta irin ta masu kotso da taushi, ta koma tana yi wa masu kallo sharhin labarin wani saurayi talaka da halin da soyayya da rashi suka jefa shi.

Abin da ya burge ni shi ne yadda salon kambamawa, wanda aka gina don ɗaukaka mai mulki, ya karɓi aikin nasiha da jajantawa ba tare da ya karye ba. Waƙar ba ta tsaya a matsayin rawa tsakanin saurayi da budurwa ba, irin wadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana bin sawunta zuwa finafinan Indiya. Ta zama kamar bakin mai ba da labari, tana shigowa inda magana ta gaza. Rabe-raben da muke koyarwa na makaɗan fada da na jama'a da na sana'a suna nan da amfaninsu, amma ga mawaƙi guda ya taka biyu daga cikinsu a shekara ɗaya, kuma sabon ubangidansa shi ne mai riƙe da waya yana jiran fitowa ta gaba a YouTube.

Kuntigi

Ta uku ba sabuwa ba ce, kuma ban ga laifin haka ba, domin waƙar shekara ita ce wadda shekarar ta sa ka nema. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, Kano ta yi ta binne manyanta. Cikin kwanaki kaɗan aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba da wasu dattawa da dama, ga shi babu halin zuwa jana'iza ko zaman makoki yadda aka saba. Ta'aziyya ta koma saƙon waya. A waɗannan makonni kunnena ya ƙi karɓar duk wani kiɗa mai tarin kaya, sai na koma ga Ɗanmaraya Jos, musamman "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali".

Ɗanmaraya ba shi da 'yan amshi. Shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ƙoƙonsa gwangwani ne da aka rufe da fata. Shi ne jagora, kuntigin ne ke karɓa masa. Na daɗe da sanin wannan a matsayin bayani da ake rubutawa a allo, amma sai a kullen na ji abin da yake nufi: mutum ɗaya a ɗaki yana magana da kansa game da halin mutane, babu mai ce masa haka ne. Ya rasu a 2015, bai ga annobar ba, amma babu wanda ya yi mini bayaninta kamarsa. Waƙoƙin faɗakarwa kan wanke hannu da ba da tazara sun cika gidajen rediyo a lokacin, sun yi aikinsu, sun wuce tare da dokar. Tasa kuwa tana nan.

Fim

A ɓangaren fim, "Mati a Zazzau" na Rahama Sadau ya ba ni dariya a farkon shekarar, kafin a rufe gidajen kallo, kuma ba na raina dariya. Amma wanda ya zauna mini a rai shi ne "The Milkmaid" na Desmond Ovbiagele. Mai shirin ya ce hoton 'yan matan Fulani biyu masu tallar nono da ke bayan takardar naira goma ne ya sa shi tambayar kansa, me zai faru da su idan masu tayar da ƙayar baya suka auka wa rugarsu. Daga nan aka samu A'isha da 'yar'uwarta Zainab, waɗanda mahara masu fakewa da addini suka raba da gida ana tsakiyar biki. An ɗauki shirin a Jihar Taraba, kuma kyawun tsaunukan yana ƙara wa abin da ake gani ciwo.

Dalilin zaɓina shi ne Zainab, wadda Maryam Booth ta fito a matsayinta. Da an bi hanya mai sauƙi, da an nuna ta tana kuka tana jiran ceto. Sai aka nuna ta ta karɓi aƙidar waɗanda suka sace ta, ta samu matsayi a cikinsu, har zuwan 'yar'uwarta ya zame mata barazana maimakon farin ciki. Kishi irin na gidan aure, wanda finafinanmu suka mayar abin raha, a nan ya zama batun rai da mutuwa. Wannan ma kulle ne, mafi muninsa, kuma fim ɗin ya nuna cewa wanda aka daɗe da rufewa yakan iya zama mai tsaron ƙofar da kansa. Maryam Booth ta yi wasan da idanu fiye da baki, kuma kyautar da ta samu a gasar finafinan Afirka ta AMAA a ƙarshen shekarar, inda shirin ya zama gwarzon fim, ba alfarma ba ce.

Ba na cewa ba shi da aibi. A wasu wurare kunnena yana jin Hausar tana tafiya bisa sawun wani harshe, jimla ta miƙe inda Bahaushe zai karkata ya yi karin magana ko ya yi shiru. Mai shirin ba Bahaushe ba ne, kuma wasu abokan aiki suna ganin wannan ya isa a fitar da shi daga sahun finafinan Hausa. Ni ban yarda ba. Hausa ta daɗe da zama harshen waɗanda ba a haife su a cikinta ba, kuma shi ne fim ɗin da Nijeriya ta aika gasar Oscar da shi, shekara guda bayan an ƙi karɓar "Lionheart" saboda Ingilishi ya yi masa yawa. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, me ya sa masana'antar da ta fara da "Turmin Danya" a 1990, wadda ke zaune a yankin da wannan masifa ta fi shafa, ba ita ta yi shi ba? Amsar tana da alaƙa da jari da kasuwa da tsoron almakashi. Shi kansa wannan fim sai da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta sa aka yanke masa kimanin minti 24 kafin ta amince da shi. Sakamakon haka, mafi yawan masu jin harshen da aka yi shi da shi ba su gan shi ba a shekarar da duniya ke yaba masa.

Abin da ya rage a kanmu

Wani zai kawo nasa jerin dabam da nawa, kuma haka ake so. Damuwata ita ce inda waɗannan abubuwa suke zaune. Bidiyoyin rawar "Jaruma", da muhawarar da aka yi a ƙarƙashinsu, suna kan shafukan kamfanonin da ba su yi mana alkawarin adana komai ba. Da yawa masu su sun riga sun goge. Mun san yadda irin wannan take ƙarewa. "Shaihu Umar", wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana ɗaukar ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Wannan fim ne na gwamnati, mai gwangwani da lamba. Abin da ke cikin waya ba shi da ko gwangwanin.

Magabatanmu sun bi makaɗa ƙauye-ƙauye da rikoda, shi ya sa muke da diwanin da muke koyarwa a yau. Namu aikin ya fi nasu sauƙi, domin waƙar tana cikin aljihunmu. Abin da ake bukata shi ne sassan Hausa su riƙa tattara waƙoƙi da finafinan kowace shekara, da kwanan wata da sunan situdiyo da abin da jama'a suka ce, tun kafin a tantance wanne ne zai yi ƙarko. Tantancewa aikin 'yan baya ne, kuma ba za su iya ba sai mun bar musu abin da za su tantance, har da shaidar abin da mu kanmu muka so.