Dalilin da ya sa kuka daina ganina a majalisar shayi

Wasu na ta cigiyata, wai wata biyu na yi ɓatan dabo. Firojek ne ya riƙe min wuya.

Aikin da na ɗauka shi ne in gina tsarin ajiyar fayil da zai kulle duk abin da aka saka a filash, sai mai kalmar sirri kaɗai zai iya karantawa. Ni da ƙarfin hali, na ce a cikin kanel ɗin Linux zan rubuta shi, wato can cikin zuciyar tsarin da ke juya kwamfutar. Ashe kuskure ɗaya a wurin, na'urar gaba ɗaya ce ke sandarewa. Daren da ta sandare karo na uku, babi na biyu da na kwana ina bugawa ban ajiye ba ya tafi. Ga an ɗauke wuta, ga sufabaiza na jira ran Litinin. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Wani Bayarabe ɗan masta a sashenmu, mai kirana Malam, shi ya dube ni ya ce, wa ya aike ka? Me ya hana ka amfani da FUSE?

Wani Miklos Szeredi ne ya ƙirƙiro ta, kuma tun 2005 take cikin Linux, daga 2.6.14. Dabarar ita ce ka rubuta tsarinka a matsayin manhaja kamar kowace, a wajen kanel. In mutum ya buɗe folda, kanel sai ya miƙo tambayar ta wata ƙofa mai suna /dev/fuse, manhajarka ta amsa, shi kuma ya mayar wa mai tambaya. Ɗan aike ya zama ke nan. Ashe ma na daɗe ina cin moriyarta ban sani ba: NTFS-3G da ke buɗe min hadis ɗin Windows a Ubuntu a kanta yake tafiya, haka SSHFS.

Daɗin abin, in manhajar ta faɗi, ita kaɗai ta faɗi. Ka kwance foldar da fusermount -u, ka gyara, ka sake ɗaurawa. Minti ɗaya an gama.

Ba wai na daina shan wuya ba fa. Kwana biyu cur fayil na fitowa da sunansa amma in na buɗe wayam. Na zargi read, na zargi lissafin kullewar, har laftof ɗin na zarga. Ashe a getattr ne na manta ban faɗi girman fayil ɗin ba. Kanel ya ga sifili, ya ɗauka babu abin karantawa. Layi ɗaya tal!

Aibinta kuwa nawa. Kowace tambaya sai ta fita daga kanel ta dawo, shi ya sa kwafe ƙananan fayiloli masu yawa ke jan ƙafa. Na san nan malamai za su matsa min, don haka ni da kaina na rubuta shi a babi na biyar.

Ran Alhamis zan kare aikin, a sa ni a addu'a. 'Yan aji uku masu neman taken firojek, ku same ni a masallaci bayan Magariba in nuna muku. Mai zuwa ya taho da filash ɗin da babu komai mai muhimmanci a ciki.